Ɗan Wace Ƙasa Ne? Tsaka Mai Wuyar Ma'aikacin da ke Tantance Marasa Takarda



Da wuya mako ya wuce wani bai tsaya a shagona nan Aziziyya da kuka iri ɗaya ba: an kama ɗansa, ko ƙanwarsa, ko maƙwabciyarsa, an kai Shumaisi, wata ya zagayo har yanzu takardar tafiya ba ta fito ba. Galibi zancen yakan ƙare ne a kan "mutanen ofis", a ce ba su da tausayi. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na boko bai wuce sakandare ba, amma shekarun da na yi ina aikin sa-kai, ina raka tsofaffi da mata wajen neman takarda, sun sa na ɗan leƙa abin ta ɗaya ɓangaren teburin. Shi ya sa na ga ya dace a wannan fitowar mu yi bayani a kan aikin ma'aikacin da ake ce wa ya tabbatar ko wane ɗan ƙasar kaza ne, da wuyar da ke cikin aikin, da kuma kason da ya rataya a wuyanmu.

Yadda abin yake tafiya

Idan jami'an tsaro suka kama mutum a yankin Makka da Jidda ba shi da igama, ko bizarsa ta ƙare, ko ya gudu daga hannun kafilinsa, akan kai shi cibiyar tarhil ta Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. A can za a ɗauki basmarsa, wato zanen yatsunsa. Wanda fasfonsa ke hannunsa, lamarinsa da sauƙi. Wanda ba shi da komai kuwa, ba jirgin da zai ɗauke shi, domin babu ƙasar da ke karɓar mutum a filin jirgi sai da takardar da ke nuna nata ne. Don haka hukumomin Saudiyya kan miƙa lamarinsa ga ofishin jakadancin ƙasar da ya ce shi ɗanta ne. Najeriya tana da babban ofishi a Riyad da ƙarami a Jidda, wanda muke kira gunsuliyya, Nijar ma haka. Jami'in ofishin zai yi wa mutumin tambayoyi, idan ya gamsu sai ya ba shi takardar tafiya ta gaggawa, wadda 'yan Najeriya suka fi sani da ETC. Tafiya ɗaya ake yi da ita, zuwa gida.

Yarjejeniyar Vienna ta 1963, wadda ta tsara aikin irin waɗannan ofisoshi a duniya, ta sa bayar da fasfo da takardun tafiya ga 'yan ƙasa cikin ayyukansu. A kan kalmar nan ta "'yan ƙasa" matsalar take. Kafin jami'i ya taimaki mutum, dole ya yanke hukunci cewa nasa ne, kuma sau da yawa babu abin dubawa sai bakin mutumin.

Aikin kuma ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Da wa'adin gyara takardu ya ƙare a farkon Nuwambar 2013 aka shiga kame, dubban baƙi daga ƙasashe daban-daban suka bi ta Shumaisi. A ƙarshen Maris na 2017 aka sake buɗe afuwa ta kwana 90 ga masu son fita ba tare da tara ba, aka yi ta ƙara wa'adin, ofisoshin jakadanci suka cika maƙil. A Janairun 2021, bayan wani bidiyon 'yan Najeriya da ke tsare ya karaɗe intanet, jirgin farko kaɗai mutum 384 ya sauke a Abuja. Kowane ɗaya daga cikin marasa fasfo a irin waɗannan jirage, sai da wani ma'aikaci ya sa hannu cewa ɗan ƙasarsa ne.

Me ya sa mutanenmu ke rasa takarda?

Ba kowane marar takarda ne ya jefar da ita ba. Akwai jikokin waɗanda suka zo a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya. Wannan hanya daɗaɗɗiya ce, ta kuma ƙara cika bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, mabiyansa da dama suka ci gaba da hijira gabas. Waɗannan sun bar gida tun kafin a sami abin da ake kira fasfon Najeriya ko na Nijar, domin duka ƙasashen biyu a 1960 suka sami 'yancin kai. Akwai waɗanda suka zo Umra ko Hajji suka zauna, fasfon ya mutu ko ya ɓace ko ya maƙale a hannun wanda ya kawo su. Akwai masu aikatau da suka gudo suka bar fasfo a gidan da suke aiki, duk da cewa dokar ƙasar nan ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikacinsa. Sannan ga waɗanda suka fi ban tausayi: yaran da aka haifa a ɗaki a Karantina ko Sabil ko Gulail, saboda uwar tana tsoron asibiti. Ba su da takardar haihuwa, sunansu bai shiga littafin kowace hukuma ba.

Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya ƙara dagula lamarin. Unguwannin da aka san kowa da uwarsa da ubansa sun watse. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar yaro, da limamin da ya raɗa masa suna, da maƙwabcin da ya san garin ubansa, kowa ya kama gabansa. Su ne kuwa shaidun da ake dogara da su idan babu takarda.

Abin da doka ta ce

Haihuwa a Saudiyya ita kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan Saudiyya. Dokar ƙasar ta 1954 ta fi bin jinin uba ne. Saboda haka yaron da iyayensa baƙi ne, ƙasar iyayensa zai nema.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya ɗan ƙasa ne ta haihuwa idan ɗaya daga cikin iyayensa, uwa ko uba, ɗan Najeriya ne. A lura da wannan: uwa ma tana ba da ƙasa. Nijar ita ma tun gyaran dokar da ta yi a 1999 ta ba mace damar ba 'ya'yanta ƙasa, a 2014 kuma ta halatta riƙe ƙasa biyu. Ke nan yaron da uwarsa Bakatsiniya ce daga Jibiya, ubansa mutumin Maraɗi, yana iya zama yana da haƙƙi a duka ɓangarorin. Tambayar da doka ta ɗora wa jami'in Najeriya ita ce ko ɗaya daga cikin iyayen yaron ɗan Najeriya ne. Jin cewa yana da dangi a Nijar bai isa dalilin korarsa ba.

A takarda abin a fili yake. Wuyar tana wajen tabbatarwa. Fasfo na cikakke yanzu sai da lambar NIN, ana kuma neman takardar haihuwa da takardar asalin ƙaramar hukuma. Wanda aka haifa a ɗaki a Jidda, bai taɓa taka Najeriya ba, ina zai samo su?

Kuskure biyu, kowanne da wanda zai cutu

Ma'aikacin da ke zaune gaban marar takarda yana iya yin kuskure ta hanya biyu, gaba kura baya sayaki.

Na farko, ya ƙi ɗan ƙasa na gaskiya. Sakamakon wannan shi ne mutum ya ci gaba da zama a tsare, ba shi da laifin da kotu ta yanke masa, ba shi da ranar fita. Idan ofishin Najeriya ya ce ba nasa ba ne, na Nijar ma ya ce haka, to ya zama marar ƙasa. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan'adam ta 1948 ta tabbatar wa kowane mutum haƙƙin samun ƙasa da haƙƙin komawa ƙasarsa, Najeriya da Nijar kuma duka sun shiga yarjejeniyar 1961 ta rage yawan marasa ƙasa. Tarihinmu ma yana da darasi. A Janairun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi bisa da'awar ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke cewa ɗan ƙasa ne, korar haramtacciya ce, ta sa a biya shi diyya. Wannan babban ɗan siyasa ne mai lauyoyi da jam'iyya a bayansa. Tsohuwar da ke Shumaisi ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Na biyu, ya karɓi wanda ba ɗan ƙasa ba don tausayi. Da yawa cikinmu muna ganin wannan ba laifi, ai taimako ne. To amma a duba inda abin ke ƙarewa. Matar da danginta ke Damagaram, an sauke ta a Abuja ko Kano da suna da garin da ba nata ba, ba kuɗin mota, ba wanda ya san da zuwanta. Basmarta kuma ta riga ta shiga kwamfuta da wannan ƙasar, gyarawa sai an sha wuya. Musulmin Rohingya, waɗanda a nan aka fi sani da 'yan Burma, sun ɗanɗana wannan. Dokar ƙasarsu ta 1982 ta bar su ba ƙasa, sai wasunsu suka shigo nan da fasfon wasu ƙasashe da dillalai suka samo musu. Da aka kama su, kwamfuta ta nuna su a matsayin 'yan ƙasashen da ba nasu ba, wasu suka shafe shekaru a tsare, a farkon 2019 kuma kafafen labarai suka ruwaito an kai wasunsu Bangladesh. Takardar da ta buɗe musu ƙofa jiya ita ta rufe su yau. Bayan haka, duk takardar ƙarya da aka gano tana rage darajar sa hannun ofishin, sai a tsananta wa masu gaskiya da za su zo a baya. Shi kansa ma'aikacin yana iya rasa aikinsa.

Inda gwajin baki yake gazawa

Idan babu takarda, akan koma ga tambayoyi: wane gari, wace ƙaramar hukuma, wane ne sarki ko hakimi, wace jiha. Akan kuma saurari karin harshe. Wannan hanya tana da amfani, amma tana da ramuka, kuma masu rauni ne suka fi faɗawa ciki.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa tsakiyar ƙasar Katsina da Gobir da Daura. Mutumin Illela da na Birnin Ƙonni duka "tahi" suke cewa inda Bakano zai ce "tafi". Wanda ya ce "lakwal" maimakon makaranta, ko ya ƙirga kuɗi da dala da jika, za a ce ɗan Nijar ne, alhali yana iya zama ɗan Maigatari da ya tashi yana cin kasuwar tsallake. Yaron da aka haifa a Jidda kuwa Hausarsa rabi Larabci ce, "fulus" da "sayyara" ya sani, bai san sunan ko ƙaramar hukuma ɗaya ba cikin 774.

Sannan ƙasar ma ta sauya a bayan mutane. An fara ƙirƙiro jihohi a 1967, Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Matar da ta bar Haɗeja a 1985 za ta ce ita 'yar Jihar Kano ce, kuma gaskiya ta faɗa. Wanda dillali ya yi wa hadda kuwa zai jero sunan gwamna da shugaban ƙaramar hukuma ba gargada. Wato tambayoyin da aka tsara don kama maƙaryaci, shi ne ya fi iya amsa su, mai gaskiyar da tsufa ko ciwo ko firgici ya ruɗa shi ne ke faɗuwa.

Na taɓa raka wata tsohuwa da aka kawo ƙasar nan tana amarya, mijin ya rasu, mantuwa ta fara kama ta. Jiha ba ta sani ba, abin da take iya tunawa shi ne lokacin Sardauna ta baro gida. Jami'in da ya zauna da ita bai gaggauta ba. Ya tambaye ta ranar da kasuwar garinsu ke ci, da sana'ar gidansu, da sunan unguwar da ake kai amare rafi, ya dubi tsagar fuskarta. Da waɗannan muka yi ta buga waya gida har aka samo ɗan ƙanenta. Ya ci mana kusan wata guda. Tun daga ranar nake tambayar kaina, idan mutum ɗari ke layi, jirgi kuma na jira, wa zai ba kowannensu wata guda?

Wasu ƙulle-ƙullen

Akwai mai ɓoye asalinta da gangan. An kama uwa a titi, 'ya'yanta ƙanana suna ɗaki a cikin gari. Ta san idan takarda ta fito za a sa ta a jirgi, sai ta ƙi faɗin sunanta na gaskiya. Jami'i ya ji bakinta ya gane ko daga ina take. Idan ya tabbatar, ya raba ta da 'ya'yanta. Idan ya yi shiru, ya bar ta a tsare, yaran kuma suna can ba uwa. Mafita a nan ita ce a fito da maganar yaran fili, a nemi a haɗa su da ita kafin tafiya, amma ba za ta faɗa ba sai ta amince da wanda ke tambayarta.

Akwai mace da yaro a hannu, ta ce nata ne, babu takardar haihuwa. Mafi yawansu gaskiya suke faɗa. Amma kowa ya san an sha kawo yara da masu naƙasa ƙasar nan don bara, kuma yaƙi da safarar mutane ne ya sa Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. Idan jami'i ya sa hannu ba bincike, yana iya miƙa ɗan wasu ga wadda ta yi safararsa. Idan ya tsananta, yana wulaƙanta uwa ta gaskiya.

Akwai kuma sirri. Don a tabbatar da yaro, wata sai ta faɗi abin da ko uwarta ba ta sani ba game da ubansa. Jami'in yana iya zama ɗan garinsu. Abin da ya ji amana ce, ba na hira ba ne.

Na ƙarshe shi ne mu. Mu ne ke buga waya mu ce wane ɗan gidanmu ne, a duba shi. Mu ne ke turo dattijo ya yi rantsuwa a kan wanda bai taɓa gani ba. Ni kaina wani dillali ya taɓa zuwa shagona ya ce in shaidi wani saurayi ɗan garinmu ne, har da ɗan abin goro. Na ce ban san shi ba. Ya fita yana cewa na hana ɗan Musulmi fita daga wahala, maganar kuma ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Daga baya da muka bi diddigi ta hannun wata maƙwabciyar marigayiya uwarsa, ashe danginsa suna tsallaken iyaka, ta ofishin ƙasarsu ya samu takarda, kawunsa ya tarbe shi. Ba kullum ake dacewa haka ba, amma da na yi shaidar nan da an sauke shi inda ba shi da kowa.

Me ake nema daga ma'aikaci?

Sa hannunsa shaida ce, addini kuma bai ɗauki shaida da wasa ba. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i tana magana a kan mayar da amana da hukunci da adalci, ta 135 a kan tsayar da shaida ko da a kan dangi ne, ta 6 a Suratul Hujurat kuma a kan bincike kafin a ɗauki mataki a kan mutane. A aikace, ga abin da na ga ma'aikatan kirki suna yi. Ba sa ɗaukar rashin takarda a matsayin hujjar rashin asali. Ba sa yanke hukunci da karin harshe kaɗai, sukan haɗa alamu da dama. Sukan tambayi ɓangaren uwa kamar yadda suke tambayar na uba. Sukan ba tsoho da marar lafiya da yaro ƙarin lokaci, su nemi mace ta zauna idan mace ake tambaya. Idan suna shakka ba sa rufe fayil, sukan tuntuɓi gida ko takwarorinsu na ofishin maƙwabciyar ƙasa, domin kada mutum ya faɗa tsakanin ƙofa biyu. Idan sun ƙi, sukan faɗi dalili da abin da za a kawo a sake dubawa. Wanda ya ga an zalunce shi kuma yana da damar rubuta ƙorafi ga shugaban ofishin, kuma hakan ya fi zagi a bayan ido amfani.

Namu kason

Ma'aikaci ba ya ganin zuciya, da abin da muka kai masa yake aiki. Saboda haka:

Duk mai fasfo, ko ya mutu, ya adana shi, ya ɗauki hotonsa a waya, ya aika wa wani amintacce a gida. Tsohon fasfon uwa yana iya fitar da 'ya'yanta duka.

A zaunar da tsofaffinmu tun suna da ƙarfin tunani, a rubuta sunan garinsu da unguwarsu, da sunayen iyaye da kakanni, da lambar wani ɗan'uwa a gida. A koya wa yaran da aka haifa a nan waɗannan sunaye kamar yadda ake koya musu karatu.

Duk wata takarda da ta shafi haihuwar yaro, ko katin rigakafi ne, a ajiye. A rubuta ranar haihuwa da sunayen waɗanda suka halarci suna, a je ofishin jakadanci a tambayi yadda za a yi masa rajista tun ba a shiga matsala ba.

Kada a sa yaro a takardar wanda ba ubansa ba. Shari'a ta hana jingina ɗa ga wanin ubansa, kuma ranar rabon gado ko aure abin zai dawo.

Kada mu shaidi wanda ba mu sani ba, shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Amma wanda muka sani, kada tsoro ko ƙyuya su hana mu tsaya masa, domin ɓoye shaida ma laifi ne.

Wanda aka kama masa ɗan'uwa ya zo mana da cikakken suna da garin asali da duk wata tsohuwar takarda, kada ya fara da neman dillali. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan lamarin wanda ake son a taimaka shi ke faɗawa ciki.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya sada su da iyalansu cikin aminci, Ya ba masu riƙe da alƙalami ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ikon faɗin gaskiya. Amin.